Ƙotar Fatsar Baba

Ni dai ban ga abin da ke ruɗa mutanen yanzu kamar ƙyalli ba. Ko kashin jaki ka shafa wa fenti ka aza a faifai a kasuwar Dogon Dutsi, wallahi kafin la'asar wani ya saya ya kai wa matarsa. Shekaranjiya ɗana na fari, mutum da furfura a gemu, ya dawo daga kasuwa da wata sandar fatsa ja wur, mariƙinta na roba, tana walƙiya kamar kwanon amarya. Ya miƙo mini yana murmushi, wai in taɓa in ji sulɓi. Na taɓa. Na ce masa sulɓi kam akwai, sai dai ban sani ba ko kifi ake kamawa da ita ko fuska ake dubawa. Bai ji haushi ba, ya saba da bakina. Sai idonsa ya kai kan tawa sandar da ke jingine a bangon zaure, ya ɗauke ta ya juya ƙotarta, ya ce, "Baba, wagga ta yi baƙi ƙirin. Ba ni ita in kankare maka, in sa mata berni ta koma sabuwa." Berni shi ne man nan mai ƙyalli da masu aikin katako ke shafa wa tebur. Na karɓi abata na mayar jikin bango.

Wanda bai san ƙasarmu ba dariya zai yi in an ce masa akwai kifi a Arewarmu ta Dogon Dutsi. Shi dai gero ya sani, da tudu, da jan dutse. To, da can in damina ta yi kyau, fadamar da ke bayan garinmu cika take ta zama tafki, ruwan ya kwanta har bayan an gama girbi. In ka fita da hantsi za ka ji kwaɗi ba su gama surutunsu ba, ka ji taɓarya daga cikin gari, ka ji Fulani na kiran shanunsu da suna ɗaya ɗaya a wancan gefen. Akwai tarwaɗa, akwai gaiwa wadda ke kwana cikin laka duk rani ta farka da ruwan fari. Ba mu da jirgi, ba mu da taru, mu ba masunta ba ne. Manoma ne mu, masu sandar fatsa a bayan ƙofa. Yanzu tafkin ya ja baya, rabinsa an yi gonar albasa, rabinsa leda ce ke iyo a ciki, amma sandunan kamun kifi sun fi na da yawa. Kowane ɗan iska da tasa a bayan babur.

Sandar fatsa tamu kashi biyu ce. Akwai tsumagiya, doguwar geza mai lanƙwasa, wadda ake sakewa kowace shekara ba a ko waiwayarta. Akwai kuma mariƙi, mu ƙota muke ce mata kamar ta fartanya, ita ce ba a sakewa. Kamu ɗaya da rabi take, an raraƙe bakinta ana cusa gezar a ɗaure da jijiya. Ita ke shan ruwa, ita ke shan rana, ita ke shan yauƙin tarwaɗa da gumin hannu, don haka in ba a shafa mata wani abu ba sai ta tsage ko ta ruɓe. A kan abin da ya kamata a shafa ɗin nan, na ga dattawa sun yi kamar za su dambace a gindin tsamiya. Masu man shanu suka ce ai ga sandar Bafulatani nan, ta gaji kaka da kakanni ba ta tsage ba. Aka ce musu Bafulatani ba ya jingine sandarsa a ɗaki, ku kuwa ɓera zai cinye taku kafin a ga wata. Masu kakin zuma suka ce ruwa ba ya ratsa shi. Aka ce gaskiya ne, amma bari rana ta take, ya narke ya kwashi yashi, ka riƙe ka ji kamar ka kama bayan bushiya. Man gyaɗa kuwa wari yake, tururuwa ta bi shi. Har akwai wani sakarai da ya jiƙa ƙaro ya shafa wa tasa, ta yi masa ƙyalli kwana biyu, ya shiga ruwa da ita ta narke a hannunsa kamar kunu. Har ya mutu Mai Ƙaro ake kiransa.

Mahaifina ba ya shiga wannan gardama. Ƙotarsa ta itacen kirya ce, tun yana saurayi ya sassaƙa ta. Ya ce shekara guda ta yi rataye a rufin madafa tana shan hayaƙi kafin ya sa mata komai. Daga nan man kaɗe ne kawai, ɗan kaɗan kamar ƙwayar wake, ya murza a tafin hannu har ya narke, ya bi ta da shi a hankali, ya ajiye a inuwa, washegari ya goge da tsumma har ba ka jin maiƙo. Haka yake yi in ruwa ya sauka, haka in ya janye. Yakan ce, "Itace ciyar da shi akai, ba a yi mai riga." Shekara da shekaru ƙotar ta koma baƙa kamar gindin tukunya, kuma yatsunsa suka ci ta, huɗu a ƙasa, babban yatsa a sama, kowanne da gurbinsa. In wani ya riƙe ta sai ya ji kamar ya sa takalmin da ba nasa ba.

Sai idon Baba ya fara yin hazo. Da fari yana ganin mutum kamar kututture, daga baya sai haske da duhu kawai. Noma ya gagare shi, don ya sha sare gero yana zaton ciyawa ce. Amma tafki bai gagare shi ba. Ƙafarsa ta san hanya, ta san wani tudun laka inda yake zama. Mu masu ido mukan ɗaura totuwar kara a zare, mu zuba mata ido, in ta nutse mu fizga. Shi ya cire totuwar ya yar. Da hannu yake ji. In kifi ya shinshini ƙugiya, motsin ya biyo zare, ya biyo geza, ya shigo ƙota, ya same shi a gurbin babban yatsa. Yana iya gaya maka tarwaɗa ce ko gaiwa tun ba ta fito ba. Kullum sai ya dawo da abin miya, ya miƙa wa innata ya ce, "Amshi, ki sa ma yara." Akwai ranar da wani baƙo ya tausaya masa ya sa masa sadaka a hannu. Baba ya mayar masa, ya ce, "Muddin ina kawo kihi gidana, ba a kai ga kirana makaho ba." Duk abin da ya rage masa na mutuncin magidanci a jikin wannan ƙota yake, kuma kowa a gidan ya san haka. Har da ni, in za a faɗi gaskiya.

Ni kuwa a lokacin na girma, na yi aure, ƙauye ya yi mini kaɗan. Shekarun da aka ce Anasara sun tattara sun ba mu mulki ke nan. Na tafi Dogon Dutsi cin rani, na tarar duk gari warin fenti yake. An kafa sabuwar tuta, an shafe bariki fari fat, har duwatsun bakin hanya da gindin itatuwa an yi musu farin wando. Kumandan mai mulkin yankin yanzu baƙar fata ne irinmu, yana zaune bayan tebur mai ƙyalli. Mu samari muka ɗauka shi ke nan, duk abin da ya tsufa ranarsa ta faɗi, duk abin da ba ya walƙiya ƙauyanci ne. Na samu aiki wurin wani mai aikin katako, Kirista ne, Bulus sunansa, mutum mai haƙuri da ƙarancin magana. Shi ke yi wa bariki da lakkwal, wato makarantar boko, tebura da kujeru. A wurinsa na fara ganin berni. Ka shafa wa farin katako, ya bushe, ka leƙa ka ga haƙoranka a ciki. Wallahi ranar nan na raina man kaɗe, na raina hayaƙin madafa, na raina dattawan gindin tsamiya gaba ɗayansu.

Da damina ta matso zan koma gida, na roƙi Bulus ya zuba mini ɗan kaɗan a gwangwanin madara. Ya tambaye ni abin da zan yi da shi. Na gaya masa ina ta fara'a.

Ya ajiye abin da ke hannunsa ya dube ni. "Ƙotar fatsa? Wadda aka shiga ruwa da ita?"

Na ce ita fa.

Ya ce, "Ƙanena, berni na tebur ne. Tebur ba shi zuwa tabki, ba shi kama tarwaɗa. In ya jiƙe santsi garai kamar sabulu. Kuma ba shi kama itacen da yas sha mai, sai an kankare har an kai ga hwari. Abin da tsoho yar riƙe shekara da shekaru, bar mai abinai."

Kun san abin da kunnena ya ɗauka a duk wannan magana? Sai an kankare har an kai ga fari. Shi ke nan. Sauran ta bi iska. Na yi godiya, na haɗa da takardar yashi guda biyu, na kama hanya ina ji kamar na ɗauko wa garinmu mulkin kai a gwangwani.

Na iso na tarar Baba ba ya nan, an ɗora shi a jaki an kai shi Tibiri gaisuwar mutuwar wani ɗan'uwansa, sai ya yi kwana bakwai. Na ce Allah ya ba ni. Da hantsi na ɗauko sandar, na kwance jijiyar, na zauna a tsakar gida da fasasshiyar kwalba. Innata ta fito da ƙwarya ta tsaya a kaina.

Ta ce, "Kai, mi kakai da ƙotar ubanka?"

Na ce, "Gyara ta zan yi, Inna. Ki bari ki gani."

Ta ce, "Ya ce maka ta lalace?"

Na ce, "Ku ba ku san abin zamani ba."

Ta daɗe tana kallona, sannan ta ce, "To. Wanda bai ji bari ba, ya ji hoho." Ta wuce wurin turminta.

Baƙin nan ya shiga itacen da nisa, ba ƙaramin aiki na sha ba. Ina kankara, baƙin gari na zuba a cinyata yana ƙamshin hayaƙi da man kaɗe. Da na zo wurin gurbin yatsu sai na ga ya ɓata mini tsari, ƙota ba ta miƙe sumul kamar ƙafar teburin Bulus ba. Na ci gaba da kankara har na daidaita. Kwana biyu na yi a kai. Na bi da takardar yashi, na shafa berni da tsumma, ya bushe na ƙara, ya bushe na ƙara. Kai, ta yi kyau! Ja-ja-ja tana ɗaukar ido, kyan ɗan maciji. Samarin gari suka taru suna karɓa hannu hannu, suna cewa wane ya zama ɗan birni. Ba wanda ya ce mini uffan cikin dattawa, sai wani tsoho da ya juya ta sau ɗaya ya miƙo mini, ya ce, "Gyaran gangar Abzinawa." Na yi kamar ban ji ba.

Baba ya dawo da azahar. Ya sha ruwa, ya yi salla, ya ba da labarin mutanen Tibiri. Sai ya miƙa hannu bayan ƙofa inda sandar take, kamar yadda mutum ke laluben ɗansa in ya dawo daga tafiya. Ina tsaye ina jiran yabo. Na ga yatsunsa sun sauka a kan ƙotar, sun tsaya. Suka hau sama, suka sauko ƙasa, babban yatsan yana ta neman wurinsa. Ya kai ta hanci ya shinshina.

Ya ce, "Wani baƙo ya mance da sandatai nan?"

Na ce, "Taka ce, Baba. Ni na gyara maka. Berni ne na sa, irin na teburin kumandan. Da kana gani da ka ga yadda take ƙyalli."

Kun ji fa. Makaho na kawo wa ƙyalli. Har yau in na tuna wannan magana sai in ji kamar in mari bakina.

Bai yi faɗa ba. Da ma ya yi, da ya fi mini sauƙi. Ya dai ƙara shafa ta, ya ce, "Ka sha aiki. Allah shi yi ma albarka." Innata ta shige ɗaki.

Washegari da hantsi ya ce zai tafi tafki, na bi shi don in ga yadda mutane za su yi kallon sandar. Ruwa ya riga ya sauka, tafki ya cika, akwai masu fatsa kamar goma a bakin gaɓa. Ya zauna a tudunsa, ya sa tana a ƙugiya, ya jefa. Na ga yana ta sauya riƙo, ya matsa hannu sama, ya dawo da shi ƙasa. Sau uku yana ɗagowa ya tarar an cinye tanar bai ji ba. Shi da ke gaya maka sunan kifi tun yana cikin ruwa! A karo na huɗu ya kama wata 'yar tarwaɗa, ya cire ta, hannunsa ya cika da yauƙi. Ya goge a riga kamar yadda ya saba, ya sake jefawa. Da tsohuwar ƙota ce wannan gogewar ta isa. Ba a jima ba wata uwar tarwaɗa ta haɗiye ƙugiyar ta fizga. Na ga gezar ta lanƙwashe, na ga Baba ya damƙe da ƙarfi, na ga ƙotar ta zame daga tafinsa sulum kamar an zare ta daga kube. Ya kai hannu zai cafko, ya kifa da fuska cikin ruwa.

Muka ciro shi, laka har gira, hularsa na iyo. Wasu suka yi salati, wasu samari a can gefe suka ƙunshe dariya. Sandar kuwa ga ta can tana tafiya tsakiyar tafki, jan ƙyallinta na ɗaukar rana, har kirya ta yi nauyinta ta nutse. Na faɗa ruwa na yi ta lalube har la'asar, ban same ta ba. Wata mata mai wanki ta ce da ƙarfi, ba da mugunta ba, "Haba, ku daina barin makahon nan shi zo bakin ruwa shi kaɗai." Baba ya ji. Na ga ya ji, don ya daina share fuskarsa ya tsaya cak.

Kafin yamma gari ya ɗauka wai doguwa ce, aljanar tafki, ta ga abu mai ƙyalli ta yi sha'awa ta karɓe. Har aka ce a kai mata farar kaza. Ni kuwa na yi lamo, don maganar ta rufa mini asiri. Mutane na son a ɗora wa iska laifi, ita ba ta zuwa ta yi musu. Da aka kawo wa Baba zancen kazar, cewa ya yi, "Ku bar kazarku ta yi ƙwai. Doguwa ba ta amshi komi ba, hannuna ne yas saki." Bai ambaci sunana ba, ba a ranar ba, ba kuma bayanta ba.

Bai sake zuwa tafki ba. Na aro masa sanduna, ya riƙe ya mayar. Na tafi har wajen Dogon Kiriya na samo itace mai kyau, na sassaƙa sabuwar ƙota daidai tsawon waccan, na rataye ta a madafa shekara guda, na ciyar da ita man kaɗe ɗan kaɗan ɗan kaɗan yadda na ga yana yi. Ran da na kawo masa yana zaune a ƙofar zaure, inda ya koma wuni, masu wucewa na ajiye masa goro da 'yan kuɗi a gefen tabarma, ya daina mayarwa. Ya karɓi ƙotar, ya auna nauyinta, ya shinshina.

Ya ce, "Wagga ita ce aiki. Itace mai kyau, mai ya shiga." Ya miƙo mini. "Amma ba ta san hannuna ba, ni ko ba ni da shekarun koya mata. Riƙe ta kai."

Damina biyu ya ƙara a duniya, a kan wannan tabarma.

Ita ce ƙotar da ke jingine a zaurena. Geza nawa ta ci, ban ƙirga ba. Ta yi baƙi kamar gindin tukunya, yatsuna sun ci ta, huɗu a ƙasa ɗaya a sama. Idona ni ma ya fara hazon nan na gado, bara na cire totuwar na yar, kuma in na zauna a abin da ya rage na tafkin, ina jin tarwaɗa tun tana shawara. Su kuwa masu jajayen sanduna suna gefe suna latsa waya, kifi na cinye musu tana, suna cewa tafki ya mutu.

To, jiya da safe ɗan nawa ya dawo da gwangwani a hannu da takardar yashi a aljihu, na ji ƙararta tun daga ƙofa. Da zuciya ɗaya ya zo, na sani, ni ma da zuciya ɗaya na zo wa nawa uban. Na jawo sandar na aza a cinyata, na ce ya zauna, na ba shi labarin nan tun daga gwangwanin madara har zuwa tabarmar ƙofar zaure. Shekaru fiye da hamsin ke nan ban taɓa gaya wa kowa cewa ba doguwa ba ce. Da na gama sai ya yi ta juya gwangwanin.

Na ce masa, "Kakanka albarka ya sa mini, don shi mutumin kirki ne. Ni ban gaji haƙurinsa ba. In ka taɓa ƙotag ga ina raye, ban yafe ba. In na mutu, ka sa hannunka a kai ka ji inda nawa yake, sannan ka yi abin da ka ga dama."